Takardar da Oga Ya Ajiye

Har yau in na shiga ɗaki na tarar da taga a rufe, sai na buɗe ta, ko ɗakin wa ne. An sha yi mini kallon mara kunya a kan haka, a gidan biki da gidan rasuwa, har a ofishin manya. Ko a jikina. Wanda ya tambaya sai in ce masa zafi nake ji, don ba kowa ne ya isa in zauna in ba shi labarin rajistararmu ba.

Rajistara ita ce ɗakin da takardu ke fara sauka a ma'aikata. A nan ake buga musu hatimi, a sa su a fayil, a tura wa wanda ya kamata. A irin wannan ɗaki na fara aikin gwamnati a nan Jalingo, ina ƙaramar akawu. Mu huɗu ne: ni, da wata mata mai buga takardu da muke kira Anti, da wani dattijo masinja, sai shugabanmu, wanda kowa ke ce wa Oga. Ɗakin bai fi ɗakin kwanana na unguwar Sintali girma ba, kuma kantocin fayil sun cinye rabinsa. Taga ɗaya gare shi.

Tagar nan ita ce abin alfaharin Oga, don shi ya sa aka kashe ta. Lokacin da aka sa wa darakta sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira esi, Oga ya yi ta zirga-zirga har aka ba mu tsohuwar. Ya kira kafinta ya kafa ta a ɓari ɗaya na tagar, ya toshe gefe da gefe da katako, ɗaya ɓarin mai gilashi kuma aka bi shi da ƙusa don kada wani mara hankali ya buɗe sanyi ya tsere. A duk benen mu kaɗai ne ƙananan ma'aikata masu esi. In an ɗauke wuta, dokar Oga ita ce a ja ƙofa a rufe, a tattala ragowar sanyin. Haka za mu zauna muna shaƙar numfashin juna har gumi ya fara tsattsafo mana, shi kuwa yana cewa ai har yanzu mun fi na waje. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma ina son esin nan. Wanda ya san zafin garin nan kafin saukar ruwan sama ba zai ga laifina ba, ko da yake ni ina gani.

Oga ɗan gajere ne mai tsafta, da biro uku a aljihun gaba, shuɗi da baƙi da ja. Ban taɓa ganin mutumin da ke ƙaunar ƙa'ida irinsa ba, matuƙar ƙa'idar ba za ta tashe shi daga kujera ba. Kalmarsa ɗaya ce: “Komai da prosija,” wato bin tsarin aiki. Duk takardar da ba ya son wahalarta, sai ya buga mata hatimi, ya sa kwanan wata, ya zaro jan biro ya rubuta haruffa uku a kusurwa, KIV. A ƙa'idar ofis ma'anarsu a ajiye takarda a riƙa waiwayarta. A rajistararmu ma'anarsu an yi mata sutura an binne. Na ga takardun zawarawa da na 'yan fansho sun bi wannan hanya, kuma da hannuna na kai wasu kanta, ban ce uffan ba.

Oga yana tari tun kafin in tafi hutun haihuwa. Ya ce ƙurar fayil ce. Yana da fulas na ruwan zafi da citta da zuma, yana da alawar tari cike da durowa, wani lokacin har tafarnuwa yake tauna, ɗakin ya ɗauka. Tarin bai san da wannan hidima ba. Daga can ƙasan ƙirji yake tasowa, ya girgiza shi, ya tofa a hankici ya naɗe ya mayar aljihu.

Da na dawo daga hutu na tarar da abu biyu sun canja. Baba masinja ba ya nan, an ce ba shi da lafiya, 'ya'yansa sun mayar da shi gida, garin Mutum Biyu. Oga kuma ya rame har hularsa tana saukowa kan kunnuwansa. Na yi masa sannu, ya ce rage ciki yake yi saboda ciwon suga.

Ni kuma na dawo da goyo. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Mijina malamin makaranta ne a bayan gari, da sassafe yake fita, kuma ba mu da wata babba a gida da zan bar wa jaririya. A ma'aikatarmu wannan ba abin magana ba ne, mai shayarwa tana zuwa da ɗanta, kowa ya kawar da kai. Ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya, don ɗakinmu na Sintali rufin kwano ne ba silin. Sai na sayi 'yar katifa a Kasuwar Jalingo na shimfiɗa mata a inda sanyin esi ya fi sauka, wato tsakanin teburina da na Oga. Cikin mako guda ƙurajen suka warke. Na yi ta murna ina gaya wa maƙwabta dabarata.

Oga ya so yarinyar, wannan ba zan hana shi ba. Kullum da safe sai ya sunkuya ya ɗauke ta, ya ɗaga ta saitin fuskarsa yana cewa, “Amaryata! Yau ma ba ki dafa mini komai ba?” Ita kuma ta yi ta ɓangala masa dariya, don tun tana ƙarama mai son mutane ce, ko ƙarar hatimi ta ji sai ta juyo tana neman inda take. In tari ya taso masa yana riƙe da ita, sai ya ɗan karkatar da kai gefe, ya gama, ya juyo ya ci gaba da wasa. Ina zaune ina kallo, har daɗi nake ji shugabana yana girmama ni.

Anti ce kaɗai ta taɓa magana. Mace ce mai yawan addu'a, ba ta fashin coci, kuma Hausarta irin ta garin nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Wata rana tarin ya daɗe bai sake shi ba, ta tsayar da bugun takarda ta ce, “Oga, wannan tari naka ya yi tsawo fa. Ka je asibiti su duba mana.”

Ya share baki ya ce, “Ke likita ne? Buga takardanki.”

Ta buga takardarta. Ni ma na sunkuyar da kai na ci gaba da jera fayil.

Bayan 'yan watanni sai ni ma na fara. Zazzaɓi da yamma, gumi har ya jiƙa matashi, ga kasala, ga tari ƙasa-ƙasa. Zanena ya fara yi mini yawa. Kowa ya ce shayarwa ce, in riƙa shan kunun gyaɗa. Na sha kunun gyaɗa har na tsane shi. Abin da ya tayar mini da hankali yarinyar ce. Ta rage kama nono, ta daina dariyar nan tata, kuma ranar awo da aka ɗora ta a sikeli nauyinta bai ƙaru ba, wata na biyu ke nan a jere. Ma'aikaciyar awon tana cikin yi mini faɗa sai na yi tari. Ta ajiye biro ta dube ni ta ce tun yaushe nake yinsa. Daga nan aka tura ni wani sashe, aka ba ni 'yar kwalba in tofa kaki a ciki, aka ɗauki hoton ƙirjin yarinyar.

Tarin fuka ne, ni da ita duka.

Ma'aikaciyar jinyar da ke sashen, wadda ake ce wa sista, babbar mace ce mai kaushin murya, kuma ita ce mutum na farko da ya yi mini bayanin ciwon nan kamar ina da hankali. Ta ce wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, tana zama a huhu. In mai ita ya yi tari ko ya yi magana, sai ta fito cikin numfashinsa ta tsaya a iskar ɗaki, ta daɗe tana yawo, wanda ke kusa ya shaƙa. Ta ce hasken rana da iska mai wucewa su ne maƙiyanta, rufaffen ɗaki kuwa gonarta ce. Babba yana iya ɗaukarta ya daɗe bai sani ba, amma jariri ba shi da ƙarfin riƙe ta.

Ta ce, “Maman bebi, ji ni da kyau. Ba a kofi yake ba, ba a cokali ba, ba a nono ba. Ki ci gaba da ba ta nono. Magani kyauta ne, wata shida, ba fashi ko na rana ɗaya. Yanzu gaya mini, wa yake tari kusa da ke?”

Ban yi dogon tunani ba. Na ba ta labarin Oga da tagar da ƙusa. Ta riƙe haɓa ta daɗe tana kallona, har na ji kunya kamar ni na buga ƙusar. Sannan ta rubuta takarda zuwa ga ma'aikatarmu, cewa duk wanda ke zama a ɗakin nan ya zo gwaji ba da ɓata lokaci ba.

Washegari na bar yarinyar wurin maƙwabciya, na ɗaura takunkumi na kai takardar da kaina, tare da ta neman hutun jinya. Oga ya karanta. Yana kaiwa tsakiya ya tura kujerarsa baya har ta bugi kanta. Ya ce, “Tibi? A ofis nawa? Ina kika je kika kwaso mana wannan abu?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, sista ta ce kowa ya je gwaji. Ta ce musamman mai tari.”

“Wa ke tari? Ƙura ne ke damuna, na gaya muku. Ku mutanen unguwa ba ku da tsafta, sai ku kawo wa mutane ciwo har wurin aiki.”

Ya kama takardar da kan yatsu biyu, ya buga hatimi, ya zaro jan biro. Ina tsaye ya rubuta haruffansa uku. Sannan ya tashi da kuzarin da ban taɓa gani a jikinsa ba ya shiga yaƙi da kofi. Muna da kula ta ruwan sha a bakin ƙofa, da kofin silba ɗaya a kanta wanda kowa ke sha da shi, har baƙi. Ya sa aka jefar da kofin a bola, aka wanke kular da tafasasshen ruwa sau biyu, ya ce kowa ya zo da nasa daga gida. Nawa kuma, in na dawo, a ɗaura masa alama. Na ce sista ta ce ba a kofi yake ba, a iska yake, a buɗe taga kawai. Ya ce taga kayan gwamnati ce, ba a taɓa ta sai da izini a rubuce. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Na fita, yana ce wa Anti ta ja ƙofa kada sanyi ya fita.

Mun fara shan magani ni da yarinyar, ina ganin mun tsira. Ashe ana kukan targaɗe ne, karaya na tafe. Ba a yi mako biyu ba, wata rana da hantsi ina yi mata wanka, na ji wuyanta ya ƙage. Ta fasa wani irin kuka siriri da ban taɓa ji ba, idanunta suka juye, jikinta ya shiga jijjiga. Ban san yadda na fita titi na tare keke ba, ko ɗankwali babu a kaina. A asibiti likita ya ce ƙwayar ta riga ta bar huhu ta hau kai tun kafin mu fara magani, ta kama rigar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa. Irin sanƙarau ne, amma na tarin fuka. Na tambaye shi ko za ta rayu. Ya ce mu yi addu'a, kuma bai kalle ni ba da ya faɗa.

Mun yi makonni a ɗakin yara. Ba na son tuna su, kuma ba zan zauna ina lissafa allurai da ƙarin ruwa ba. Mijina ya zama kamar kurma don tashin hankali, sai dai ya zo ya zauna ya tafi. Daga ma'aikata mutum ɗaya ne ya zo, Anti. Ta kawo kunu a fulas, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa, ta yi addu'arta daga can da ƙarfi har masu jinya suna cewa amin. Ta gaya mini ta je gwajin a ɓoye, an ce ba ta da shi. Oga kuwa bai je ba. Da za ta tafi sai ta dawo da baya, ta rage murya ta ce, “Maman bebi, akwai wani abu yana damuna. Lokacin da kana hutun haihuwa, wani takarda ya zo daga asibiti, irin wannan ambulan naka. Lokacin Baba masinja ne. Ban karanta ba fa. Oga ne ya karɓa.”

A lokacin ban riƙe maganar ba, hankalina yana kan gadon.

Yarinyar ta rayu. Aka sallame mu, ta fara kama nono, ta fara mayar da jiki, har dariyar ta dawo. Na yi sadaka, na gode wa Allah. Sai wata rana ina girki tana zaune a tabarma ta ba ni baya, murfin tukunya ya suɓuce mini ya faɗi a siminti da ƙarar da ta sa kajin maƙwabta suka watse. Ba ta juyo ba. Na ɗauki murfin na sake sakinsa da gangan, a bayanta daf. Tana ta wasa da yatsun ƙafarta. Na kira ta da sunan da ba na faɗa, na kira da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo. Likita ya tabbatar daga baya: ciwon ya tafi da jinta, kunne biyun duka, kuma ba a sa ran ya dawo.

Da wannan na koma aiki. Sista ta ba ni shaida a rubuce cewa na daina yaɗa ciwon tuntuni, amma na tarar an ja teburina can bakin ƙofa, da kofin roba a kai an ɗaura masa jan zare a mariƙi. Anti ce ta ɗaura, bisa umarni, ta kasa haɗa ido da ni. Taga tana nan da ƙusoshinta. Oga yana nan da tarinsa, ya ƙara zama ƙashi da rai, yana ta shirin intabiyun ƙarin girma. Ya ce, “Sannu da dawowa. Yaya amaryata?”

Ina zama maganar Anti ta faɗo mini. Aikina ne sanin inda kowace takarda take kwana, don haka ban sha wahala ba. Na jira ya tafi kai wa darakta fayilolin safe, na hau kujera na sauko da fayil ɗin da muke zuba tarkacen da ba su da gida. Takardar da na kawo tana sama. Na ɗaga ta. A ƙarƙashinta, bayan wasu 'yan takardu, ga wata daga sashen nan na sista, da rubutun hannunta. Ta ce an sami masinjanmu da tarin fuka, duk wanda ke zama ɗaki ɗaya da shi ya zo gwaji, musamman mai tari. Ga hatimin rajistara, ga sa hannun Oga, ga haruffa uku da jan biro. Na duba kwanan watan. Saura wata biyu in dawo daga hutun haihuwa aka karɓe ta.

Na tsaya a kan kujerar nan ina lissafi, ba na so amma kaina yana yi. Sista ta gaya mini mai shan magani yadda ya kamata yakan daina yaɗa ciwon cikin 'yan makonni. Da ya je a lokacin, da ranar da na shimfiɗa katifar nan numfashinsa ba shi da illa. Wata biyu cur yana da su. Kuma ya san da takardar a saman kanta duk safiyar da ya ɗaga 'yata saitin bakinsa.

Ya dawo ya same ni tsaye da ita a hannu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce, “Oga, mene ne wannan?”

Ya leƙa, ya haɗe rai. “Wa ya ba ki izini ki buɗe wannan fayil?”

“Aikina ne. Mene ne wannan?”

“Ba ni aka rubuto wa ba, ma'aikata aka rubuto wa. Ana kan duba shi.”

“Ana kan duba shi! 'Yata ta kurumce, Oga. Ba ta ji. Ko ganga aka buga a kanta ba ta ji, kuma ba za ta ƙara ji ba har ta mutu. Ka ji ni?”

Anti ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya zauna, ya gyara birukansa, ya yi magana a hankali kamar mai ba yaro shawara. Ya ce in yi haƙuri, ciwo daga Allah yake. Ya ce in duba matsayinsa: in aka ji shugaban rajistara yana zuwa layin masu tibi, wa zai ƙara karɓar fayil daga hannunsa? Ga intabiyu a gaba, shekara nawa yana jira. Da ma niyyarsa in an gama sai ya je. Ya ce kuma wa ya tabbatar daga wurinsa ne, ai ni uwar ce na fi kusa da ita.

Wannan ta ƙarshen ita ta fi ƙona ni, don akwai gaskiya a cikinta. Na tambayi sista daga baya, ta ce ba wanda zai iya cewa ko daga bakinsa yarinyar ta shaƙa ko daga nawa bayan na ɗauka. Amma ko ta wace hanya aka bi, a ɗakin nan aka faro.

Akwai wani babban ƙarfen huda takarda a teburinsa, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Na ɗauka da hannu biyu na nufi taga. Bugu uku gilashin ya zube. Iska mai zafi ta shigo ta ɗaga takardun teburinsa, ta kawo hayaniyar masu keke daga titi. A shekarun da na yi a ɗakin, ran nan na fara jin ƙarar waje. Oga yana ihu yana tari, yana cewa kayan gwamnati, kayan gwamnati.

Kafin a tashi aiki an miƙo mini takardar tuhuma a kan ɓarnata dukiyar gwamnati da rashin ɗa'a. Ita ba a sa mata KIV ba, a yini ɗaya aka rubuta ta, aka buga, aka sa hannu. Na amsa ta a shafi guda, na haɗa da kwafin takardun asibiti biyu, na kai ofishin darakta da kaina. Darakta ya karanta, ya tambayi abu ɗaya tak: shin wannan Ogan ne mai shigo masa da fayil kowace safiya ya tsaya a kansa yana bayani? Aka ce shi ne. A ranar aka sa Oga a motar ofis aka kai shi gwaji. Abin da takarda biyu da kunnen 'yata ba su yi ba, tsoron ƙirjin babban mutum ya yi shi cikin awa guda.

An same shi da shi, ya ci huhunsa sosai. Ya sha magani wata shida kyauta, ya warke sarai. Ƙarin girman ma bai wuce shi ba, an ɗaga masa intabiyun saboda rashin lafiya. Ya yi ritaya da walima, aka yi jawabai a kan gaskiyarsa da bin ƙa'ida. Ni an mayar da ni wani sashe da gargaɗi a fayil ɗina, yana nan har yau. Baba masinja kuwa, na ji daga baya ya rasu a Mutum Biyu.

Mutane sun yi ta ba ni haƙuri har kalmar ta fita raina. Ƙaddara ce, in ji su. Na yarda da ƙaddara, ni musulma ce. Amma na ga hatimin, na san hannun da ya buga shi, kuma ban yafe ba. Kaina ma ban gama yafe wa ba. Ni na zaɓi wurin katifar, ni na ji tarin nan wata da watanni na yi shiru don kada a ce ƙaramar akawu ta yi wa shugabanta rashin kunya.

Yarinyar tana makarantar kurame yanzu, kuma ta fi ni wayo nesa ba kusa ba. Da hannu muke hira, ta koya mini fiye da yadda na koya mata. Kwanakin baya na tafi da ita Kasuwar Jalingo sayen doya. Tana gabana tana zaɓa, don ta fi ni ido, sai na ji murya a bayanmu.

“A'a! Maman bebi! Ke ce?”

Oga ne. Ya yi ƙiba, wuya ya cika, hula ta zauna daram. Ya dubi yarinyar daga baya, fuskarsa ta washe da murna ta gaskiya. Ya ce, “Kar dai amaryata ce ta girma haka? Amaryata! Amaryata!”

Tana ta juya doya.

Ya yi dariya ya ce, “Ka ga mini yarinya, ta girma ta manta da miji. Maman bebi, ba ki koya mata gaisuwa ba ne?”

Na tsaya ina kallonsa. Da bakina na gaya masa ta kurumce, a gaban Anti, da ƙarfin da duk benen ya ji. Ba wulaƙanci yake yi ba, da na ga alama. Ya manta ne kawai. Na shirya maganganu shekara da shekaru saboda irin wannan rana, amma ko ɗaya ba ta fito ba.

Yarinyar ta juyo da doya a hannu, ta ga baƙo yana yi mata murmushi, ta dube ni ta tambaya da yatsu: wane ne? Ba mu da alamar da muka ajiye masa. Sai na dunƙule hannun dama na buga a tafin hagu, sau ɗaya, yadda ake buga hatimi. Ta gyaɗa kai, ta gane mai aikin ofis ne irin mamanta. Ta ajiye doyar, ta goge hannu a siket, ta rusuna har ƙasa ta gaishe shi yadda na koya mata ta gaida manya.

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya dafa kanta, ya sunkuya daidai kunnenta, ya ce Allah ya yi mata albarka.